Fara da Jatan Lande: Zumuncin da Ke Cikin Tsoka

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura bayan kaka, ya tsaya a Shargalle ko ya ratsa cikin garin Dutsi, zai ci karo da fara a faranti, ta yi ja, an soya ta da man gyaɗa, an barbaɗe ta da yaji, an matsa mata lemon tsami. Yara na sayen ƙulli, manya na sa a auna musu a gwangwani. A kasuwar garin kuma, in ka shiga layin masu kayan miya, kusa da daddawa da dunƙulen magi, akwai wani ɗan ƙulli a leda: busasshen jatan lande, wanda mata suka fi kira kirifish. Ita fara daga gonakin gero ta fito, ko kuma ta shigo daga Maraɗi da Damagaram ta iyakar Kwangwalam. Shi kuwa jatan lande ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, daga bakin teku, wuraren Oron da Ibeno a Jihar Akwa Ibom, inda ake kama shi a mahaɗar kogi da teku a ƙyafe shi.

Da za ka tambayi mai sayar da fara me ya haɗa kayanta da na mai kirifish, za ta ce maka babu. Wannan ƙwaro ne mai tashi, wancan ɗan ruwa ne. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wata 'yar maƙwabtanmu ta sa na sake tunani. An zuba mata garin kirifish a kunun yaye, ba a daɗe ba jikinta ya fito da borin jini, leɓɓanta suka kumbura. Uwar ta daina ba ta, magana ta wuce. Bayan ta yi wayo, wani hunturu, yayyenta suka sam mata fara, abin nan ya dawo, har ya fi na farko. Mutanen gida suka ce iska ce, wasu suka ce sanyi ne. Babu wanda ya danganta kunun da farar, domin a idonmu babu dangantaka. Jikin yarinyar ne kaɗai ya gane cewa abu ɗaya aka ba shi sau biyu.

Jikin nata ya yi gaskiya. Masana halitta sun daɗe suna ajiye ƙwari da su jatan lande da kaguwa a babban gida ɗaya, na halittu masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Sai binciken ƙwayoyin gado ya zo ya matso da su kusa fiye da yadda ake zato. A 2010 Jerome Regier da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon kwatanta ƙwayoyin gado 62 daga halittu 75 a mujallar Nature, inda suka nuna cewa ƙwari reshe ne da ya tsiro daga cikin dangin su jatan lande. Wato a lissafin masana, fara jatan lande ce da ta hau tudu ta yi fukafukai. Ko a kasko ana ganin alamar haka: duka biyun suna yin ja idan wuta ta taɓa su. Akwai wani jan launi a ɓawon jatan lande da furotin ke riƙe da shi yana ɓoye shi; zafi na warware furotin ɗin, jan ya bayyana. An samu irin wannan launi a jikin fara.

Inda zumuncin ya fi ƙarfi shi ne cikin tsoka, kuma tsokar ce muke ci.

Mu ɗauki jan guga a rijiya, abin da ba a koya wa mutumin ƙasar Daura. Akwai igiya, akwai hannuwan da ke kamawa su ja, su saki, su sake kamawa gaba. A cikin kowane zaren tsoka igiyar ita ce furotin da ake kira aktin, hannuwan kuma kawunan wani furotin ne mai suna mayosin. Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya raɗa wa mayosin suna a 1864, shi kuwa aktin Brunó Straub ya ware shi a 1942 a garin Szeged na ƙasar Hangare. A 1954 ƙungiyoyin masana biyu, ta Hugh Huxley da Jean Hanson, da ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, suka nuna cewa idan tsoka ta ɗaure zarurrukan ba sa gajarcewa, zamewa suke yi a kan juna, kamar yadda igiya ke wucewa ta tsakanin tafukan mai ja. Kowane kamu yana cin ƙwaya ɗaya ta sinadarin ATP, wanda shi ne makamashin jiki.

To me ya hana hannuwan nan ja dare da rana? Akwai mai gadi. Wani siririn furotin ne da ke kwance a jikin igiyar, yana rufe wuraren da hannu zai kama. Kenneth Bailey ya gano shi a Ingila a 1946, sunansa turofomayosin. Zare biyu ne da aka murɗe kamar tufka, kowane zare na da ƙwayoyin amino 284, kuma tsawonsa ya rufe ƙwayoyin aktin bakwai. Idan jijiya ta kawo saƙo, sai kalshiyam ya kwararo cikin zaren tsoka, ya hau kan wani ƙaramin furotin, turofonin, wanda Setsuro Ebashi na Japan ya gano a shekarun 1960. Shi kuma ya ture mai gadin gefe, hannuwa su samu wurin kamawa. Da kalshiyam ya janye, mai gadi ya koma mazauninsa, tsoka ta saki. Wannan tsari yana cikin cinyar rago, yana cikin damtsen manomi, yana cikin fara da jatan lande. Sai dai fara da jatan lande suna da abubuwan da suka keɓanta da su, waɗanda rago ba shi da su. A tsakiyar sandar mayosin ɗinsu akwai wani furotin, faramayosin, da ba a samunsa a dabbobi masu ƙashin baya. Kuma ma'ajiyar makamashinsu ta gaggawa da sinadarin arjinin aka gina ta, alhali tamu da sinadarin kiriyatin.

Faramayosin ɗin nan ya cancanci a ɗan ratse a kansa. Inda ya fi yawa shi ne a jikin halittun ruwa masu ɓawo biyu, irin su kawa. Tsokar da ke rufe ɓawonsu tana iya riƙewa sa'o'i masu yawa ba tare da ta ƙona makamashin kirki ba, abin da mutum ba zai iya da dunƙulen hannunsa ba ko na minti goma. A 1970 John Kendrick-Jones da William Lehman da Andrew Szent-Györgyi suka nuna cewa a irin waɗannan halittu kalshiyam kai tsaye yake hawa kan mayosin ya kunna shi. A 1997 kuma Marion Siegman da Thomas Butler da abokansu suka nuna cewa wani ƙaton furotin, tuwicin, shi ne sakatar: yana nan a kulle ɓawo na rufe, a liƙa masa fosfet sakata ta zare. Ikon Allah ke nan a cikin abin da bai kai tafin hannu ba.

Mu koma kan namu biyu. Kayan gini ɗaya ne, amma kowa da inda ya tara nasa. Jatan lande ya zuba kusan dukkan tsokarsa a wutsiya. Rayuwarsa ta gudun tsira ce: kifi ya kawo hari, ya naɗe wutsiyar nan da ƙarfi sau ɗaya, sau biyu, ya yi baya kamar kibiya. Tsoka ce fara fat, mai sauri, mai saurin gajiya, maras kitse. Domin ruwan gishiri kada ya tsotse masa ruwan jiki, yana tara ƙwayoyin amino a sake cikin tsokar, musamman gilaisin mai ɗan zaƙi, da gulutamet, wanda shi ne sirrin ɗanɗanon daddawa da magi. Idan aka busar da shi duk wannan ya taru wuri ɗaya. Shi ya sa cokali guda ke juya tukunyar miyar kuka ko ta kuɓewa.

Ita fara gida biyu ta raba tata. Kashi na farko a ƙirji, inda tsokar fukafukai take, kuma wannan tsoka ce ta dogon zango. Tana kaɗa fukafukai kusan sau 20 a daƙiƙa, tana farawa da ƙona sukari, in tafiya ta miƙa ta koma ƙona kitse. Farar hamada kan yi kilomita 100 zuwa 150 a yini idan iska na bayanta, kuma a watan Oktoban 1988 an ga garkenta ya tashi daga Afirka ta Yamma ya tsallake Tekun Atilantika har tsibiran Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000. Kitsen da ke ɗaukar ta wannan tafiya shi ne maiƙon da ake ji a baki, musamman a macen da ta ɗauki ƙwai, wadda masu ci suka fi nema.

Kashi na biyu yana cikin cinyar baya, kuma nan ne abin da ya fi ba ni mamaki. Tsoka, komai ƙarfinta, ba za ta iya saurin da tsallen fara ke buƙata ba. Don haka fara baka take ɗanawa. Tana naɗe ƙafa, ta kulle gwiwa, ta ja tsokar cinya a hankali na kusan rabin daƙiƙa. Ƙarfin yana taruwa a wani lanƙwasasshen ɓawo a gwiwar, kamar yadda maharbi ke jan tsirkiya. Tana sakin makullin, abin da aka tara ya fita cikin kusan kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta yi tsallen da ya kai mita guda. Henry Bennet-Clark ya auna wannan a 1975. Kafin shi, a 1960, ɗan ƙasar Denmak Torkel Weis-Fogh ya gano wani furotin mai kama da roba a mahaɗar fukafukin fara, rezilin, wanda ke mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da aka matsa masa. Yaron da ke bin fara a gonar gero a Dutsi yana kai hannu tana kuɓucewa, da wannan baka yake takara.

Mata masu kamun fara sun san lagonta tun kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da asuba suke fita, lokacin hunturu, ko da dare da fitila. Jikin fara ba ya ɗumama kansa kamar namu. Idan gari ya yi sanyi mayosin ba ya iya sarrafa ATP da sauri, tsoka ta yi nauyi, sai a tsince ta a kan kara kamar ana tsinkar wake. Rana na ɗagawa ciniki ya ƙare.

Idan aka zo ga gina jiki, a kan ma'auni sun yi kusa. Busasshen jatan lande da busasshiyar fara, kowanne rabin nauyinsa ko fiye furotin ne, ko da yake ɓawon kaitin da ke jikinsu kan sa awon ɗakin gwaji ya ɗan zarce gaskiya. Jatan lande ya fi ta a wuri biyu da ba zan ɓoye ba. Ɓawonsa na ɗauke da kalshiyam mai yawa, kuma tunda da ɓawon ake daka shi, yaro na samun abin gina ƙashi; sannan kasancewarsa ɗan teku yana kawo aidin, wanda mu na nesa da teku muka fi buƙata. Ɓawon fara ba shi da wannan kalshiyam. Amma tana da ƙarfen jini da zinki, tana da kitse.

Sai dai ma'aunin ɗakin gwaji daban, kwanon gida daban. Kirifish cokali ɗaya ko biyu ake zubawa a tukunyar da mutum goma za su ci. Abin da ya kai bakin kowane yaro bai taka kara ya karya ba. Fara kuwa cike da hannu ake cin ta. Ga gidan da nama sai ranar suna ko Sallah, ƙullin fara a hannun yaro furotin ne na gaske. Kuma kuɗinta yana tsayawa a hannun matan karkara, nan da ƙetaren iyaka. Wannan ƙwaro da ya sha cinye amfanin gona, wanda farmakinsa na 2004 ya taimaka wajen jefa Maraɗi da Damagaram cikin yunwar 2005, shi ne kuma yake mayar wa talaka wani abu daga cikin geron da ya ci. A nan fara ta yi wa jatan lande nisa.

A shari'a ba mu da matsala da ko ɗaya. Hadisi ya tabbata cewa sahabbai sun ci fara a yaƙoƙin da suka yi tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malikawa dai sun sharɗanta a kashe ta da niyya, ko da ta hanyar zuba ta a ruwan zafi ne, wanda dama haka ake yi. Abin teku kuwa duk halal ne a mazhabar.

Yanzu ga inda zumuncin ya zama abin tsoro. Mai gadin nan, turofomayosin, shi ne babban abin da ke tayar da borin jini ga masu cin jatan lande. Tun 1981 aka lura akwai wani furotin a jatan lande da dafuwa ba ta kashe shi. A 1993 masana a Bangalore ta Indiya suka tabbatar turofomayosin ne, a 1994 wasu a New Orleans ta Amurka suka ƙara tabbatarwa. Dalilin taurin kansa yana cikin siffarsa: tufka ce kawai ta zare biyu, zafi ya warware ta, in ta huce ta sake murɗewa. Tafasa, ƙyafi, shanya, suya, daka, duk yana tsallake su.

Mu ma muna da turofomayosin a tsokarmu, haka rago da kaza, amma nasu ya yi kama da namu sosai, don haka garkuwar jiki ba ta ɗaukarsa baƙo. Na jatan lande ya yi daidai da namu a ɗan abin da ya haura rabi kawai, shi ya sa jikin wasu ke ɗaukarsa maƙiyi ya haɗa masa dakaru. Na ƙwari kuwa ya yi daidai da na jatan lande da kusan kashi 80 cikin 100. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, amma garkuwar jiki ba ta tsayawa tantancewa: ta ga fuskar da ta sani, sai ta saki sinadarin histamin mai kawo borin jini. Abin da ya faru da 'yar maƙwabtanmu ke nan. Furotin ɗin da ke kula da ma'ajiyar arjinin shi ma yana cikin masu tayar da wannan fitina, kuma fara da jatan lande duk suna da shi.

Abin bai tsaya kan abinci ba. Kyankyaso da wasu ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu zama a katifa da tabarma, su ma suna da irin wannan furotin, kuma shaƙarsa muke yi. A 2003 an buga wani bincike kan Yahudawa masu tsananin riƙo da addininsu, waɗanda ba sa cin jatan lande sam. An samu masu rashin jituwa da ƙwarin ƙura da kyankyaso a cikinsu ɗauke da dakarun da ke gane turofomayosin ɗin jatan lande. Ma'ana, mai asma ko mai yawan atishawa a Dutsi, wanda bai taɓa ganin teku ba, yana iya kasancewa jikinsa a ɗane yake. Ba kowane mai irin waɗannan dakaru ne zai yi ciwo in ya ci ba, kuma yawancin mutane suna cin fara tun suna yara lafiya lau. Amma wanda abin ya shafa, ya shafe shi da gaske. Shi ya sa a 2021, da Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci, ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin leda ga masu rashin jituwa da su jatan lande da ƙwarin ƙura, aka kuma ce a cire ƙafafu da fukafukai kafin a ci, abin da matanmu ke yi tun kaka da kakanni. Wani sauƙin shi ne galibi kifi ba ya cikin wannan lissafi: babban furotin ɗin da ke tayar da borin jini a kifi daban ne, don haka wanda fara ko kirifish ke damu galibi yana iya cin tarwaɗa da karfasar madatsar Daberam.

Akwai haɗari na biyu, wanda mutum ne ya kawo shi. Farar da aka tsince a gonar da aka yi wa feshi guba ce. Bayan farmakin 1988 da 1989 an auna farar da ake sayarwa a Kuwait aka samu ragowar maganin feshi a jikinta. Shi ma kirifish, wasu 'yan kasuwa na yayyafa masa fiya-fiya don kada ƙwari su cinye shi a buhu, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan zuba wannan magani a kayan abinci. Bambancin shi ne, farar da aka kamo a ƙauyenku kana iya tambaya wace gona ce, an yi feshi ko ba a yi ba. Buhun da ya ratso jihohi da hannun dillalai da yawa kuwa, ba ka da wanda za ka tambaya.

Idan aka ce in zaɓa wa gidan talaka a Dutsi, fara zan zaɓa a matsayin abinci, in bar kirifish a matsayinsa na kayan ɗanɗano da ƙarin kalshiyam a kunun yara. Ina kuma roƙon malaman kimiyyar sinadaran jiki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, su ɗauki nau'o'in farar da ake sayarwa a kasuwannin Daura da Mai'aduwa su auna furotin ɗinsu da ragowar maganin feshi, su faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo.

Ke kuma uwa, ranar da za ki fara ba yaro fara ko kirifish, ki ba shi kaɗan, da rana, ki sa masa ido na awa biyu. In ya taɓa yin borin jini da ɗaya, kada a gwada masa ɗayan a gida. In kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, ko ya yi amai jikinsa ya saki, kada ki tsaya jiƙa magani ko jiran ƙwayar ƙaiƙayi ta yi aiki. Ki kai shi asibiti nan take, ki faɗa musu abin da ya ci da lokacin da ya ci, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai a irin wannan hali.